Yadda za ka karanta alƙaluman ƙaura da neman mafaka a Turai kafin ka gina magana a kansu

Mutum nawa suka shigo Turai a 2015? Tambayi Frontex, hukumar da ke lura da iyakokin Tarayyar Turai, za ta ce maka sau miliyan 1.8 ta rubuta an tsallako iyaka ba bisa ƙa'ida ba. Leƙa wajen UNHCR da IOM, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da 'yan gudun hijira da ƙaura, ka tarar da mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, waɗanda suka ƙetaro ta teku. Shi kuma Eurostat, ofishin ƙididdiga na Tarayyar, masu neman mafaka karon farko ya lissafa, ya samu wajen miliyan 1.26. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa da abin da ya ƙirga, ɗan siyasa kuma yakan ɗauki wanda ya fi yi masa amfani ya hau mumbari da shi.

Ina aiki a wata ƙaramar hukuma a jihar Nordrhein-Westfalen ta Jamus, a sashen da ke kula da sajewar baƙi. Da tafinta na fara, Hausa da Faransanci zuwa Jamusanci, daga baya aka ɗora mini haɗa alƙaluman da ake kai wa majalisar gari lokacin kasafi: gurbi nawa ake bukata a ajin koyon harshe, gado nawa a masaukin baƙi, yaro nawa zai nemi makarantar reno baɗi. Na rubuta wannan ne domin 'yan jaridarmu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gida da ake kira zaman tattaunawa da hukuma, da ɗalibai masu bincike. Ba sai ka karanta lissafi a jami'a ba. Tambayoyi ne 'yan kaɗan, amma sai ka yi su kowane lokaci, ko da lambar ta yi maka daɗi.

Mutum aka ƙirga ko takarda?

Frontex tsallake iyaka take ƙirgawa. Ɗan Siriyan da ya taso daga Turkiyya ya sauka a tsibirin Lesbos na Girka, an rubuta shi. Ya bi ta Masedoniya da Sabiya, waɗanda ba sa cikin Tarayyar, ya sake kutsowa ta Hungari ko Kuroshiya, an sake rubuta shi. Kamar mai yankan tikiti ne a ƙofar kasuwa: wanda ya fita sallah ya dawo sai ya zama mutum biyu a littafi. A watan Oktoban 2015, bayan hukumar ta sanar da 710,000 cikin wata tara, masu bincike suka matsa mata da tambaya, ta amsa cewa lallai akwai waɗanda aka ƙirga sau biyu. Kafin nan jaridu sun riga sun buga.

Jamus ma ta ga irin wannan a gida. Na'urar rajistar farko, wadda ake kira EASY, ta nuna wajen miliyan 1.1 a 2015, saboda ba a ɗaukar suna ko hoton yatsa a cikinta, wanda ya yi rajista a Bayern ya wuce Suwidin ma yana nan a lissafi. Sai a Satumbar 2016 ministan cikin gida Thomas de Maizière ya fito da adadin da aka tace, 890,000. To duba jadawalin takardun neman mafaka na BAMF, hukumar tarayya mai kula da ƙaura da 'yan gudun hijira: 476,649 a 2015, sannan 745,545 a 2016. Wanda bai sani ba zai rantse jama'a sun fi shigowa a 2016. Alhali wajen 280,000 ne suka shigo a shekarar. Sauran mutanen bara ne da suka yi wata da watanni suna jiran a ba su ranar miƙa takarda.

Akwai wani abin da ko ma'aikata sukan manta. Wata baiwar Allah 'yar Nijar ta taɓa shigowa ofishinmu da goyo, ta ajiye mini ambulan a tebur, ta ce, "Malam, duba mini, wai wannan ma mafaka ya nema?" Jaririn bai kai wata biyu ba, a asibitin garin aka haife shi, ga sunansa da lambar fayil a saman wasiƙar. Haka doka take: idan iyaye suna cikin shari'ar mafaka, da an sanar da haihuwa ana buɗe wa jariri tasa takardar, ta shiga lissafin masu nema karon farko. A 2020 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan takardu a Jamus na jariran da aka haifa a ƙasar ne. Ba su tsallako iyakar kowa ba. Don haka in ka ɗauki lambar ka ce "waɗanda suka shigo", ka ƙara mata mutanen da ba su shigo ba.

Abin yi shi ne ka karanta kan jadawali da ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa kafin ka dubi lambobin. A rahoton da BAMF ke fitarwa duk wata za ka ga Erstanträge, takardun karon farko, da Folgeanträge, na waɗanda aka taɓa hanawa suka sake nema. Kada ka haɗa su idan sababbin zuwa kake magana. Ka kuma nemi wanda ba ya cikin jadawalin sam. 'Yan Yukiren sama da miliyan huɗu da ke zaune a Tarayyar ba sa cikin lissafin masu neman mafaka, domin a ranar 4 ga Maris 2022 an buɗe musu kariyar wucin gadi wadda ba ta bukatar wannan shari'a. Garin da ya tsara makarantunsa na 2022 da alƙaluman mafaka kaɗai, ya tsara wa rabin gaskiya.

Sai bambancin waɗanda suka shigo cikin shekara da waɗanda ke zaune a ƙasa a rana kaza. Na biyun daga rajista yake fitowa, a Jamus babbar rajistar baƙi ce da ake kira AZR. Matsalarta ɗaya: kowa yana rajistar shigowa domin yana bukatar takarda, amma mai tafiya ba ya damuwa ya je ya ce a cire shi. Ƙidayar 2011 ta gano cewa mutanen Jamus sun gaza abin da ake zato da wajen miliyan 1.5, kuma kimanin miliyan 1.1 daga cikin giɓin baƙi ne da suka daɗe da barin ƙasar. Ƙidayar 2022 ta sake gano irin haka. Birtaniya kuwa ba ta da rajistar mazauna irin wannan, ƙiyasi take yi. A watan Mayun 2023 ofishin ƙididdigarta ya ce rarar masu shiga a kan masu fita a 2022 ta kai 606,000, bayan wata shida ya gyara zuwa 745,000. Saboda haka duk lambar da ka kwafa, rubuta ranar da ka kwafe ta a gefe.

A ina mai ƙirgar ya tsaya?

Wannan tambaya Agadas ce ta fi koya mini ita. A watan Mayun 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure mai lamba 2015-36, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. A Fabrairun 2016 IOM ta kafa wuraren ƙirga matafiya guda biyu, ɗaya a Arlit a hanyar Aljeriya, ɗaya a Segedin a hanyar Libiya. A 2016 sun ƙirga sama da 330,000 masu fita arewa, a 2017 wajen 70,000. A Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, aka yi ta murna.

Amma ma'aikacin IOM a bakin hanya yake tsaye, abin da ya wuce ta gabansa yake rubutawa. Da doka ta yi tsanani, direbobi suka daina bin ayarin ranar Litinin da ke tashi daga Agadas da rakiyar soja, suka koma fita da dare ta ɓarauniyar hanya, nesa da shingen jami'ai, nesa kuma da rijiyoyi. Lallai tafiyar ta ragu, don kuɗin mota ya tashi. Sai dai wani kaso na raguwar da aka gani a takarda, mutane ne da suka daina wucewa ta inda ake ƙirga. Bayan haka akwai kuskure tsagwaronsa. A Disambar 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta sanar cewa masu ƙetara hamada ta Nijar sun sauko daga 70,000 a watan Mayu zuwa 1,500 a Nuwamba. Kafar labarai ta IRIN ta bankaɗo a Janairun 2017 cewa lambar Nuwamba ba daidai ba ce, ta gaskiyar ta kusa 11,500. Da lambar kuskuren aka riga aka yi shelar cewa tsarin yana aiki.

Wani abin kuma, wanda duk ɗan Damagaram ko Tawa ya sani ba tare da jadawali ba: ba kowa da ya nufi arewa ne zai je Turai ba. Da yawa 'yan ci-rani ne, su je Sabha ko Tamanrasset su yi aikin gini ko lambu su dawo kafin damina. Idan ka ga lambar masu fita, nemi ta masu dawowa, IOM tana fitar da duka biyun. A Nuwambar 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. In ka ga lambobi sun tashi bayan nan, ka tuna cewa waɗanda ke ɓuya sun dawo kan babbar hanya, don haka tashin ba duka sababbin matafiya ba ne. Haka lissafin mamata da IOM ke tarawa tun 2014: shi ne mafi ƙarancin adadi, gawar da aka gani ko aka ba da labarinta. Ta teku ana samun waɗanda suka tsira su ba da shaida. Motar da ta lalace a Tenere sau da yawa ba mai labarinta.

Kason waɗanda ake ba mafaka

A nan nake so ka fi nutsuwa, domin wannan lamba ta wuce ta rahoto, ta shiga cikin doka. Ana cewa "kashi kaza cikin 100 na 'yan ƙasa kaza ne ake ba mafaka", sai a ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba sai ka san me aka sa a sama, me aka sa a ƙasa.

Bari in ba ka misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani kawai. A ce an yanke hukunci 1,000 a kan 'yan wata ƙasa. An ba 150 kariya, an hana 450, sauran 400 kuma an rufe fayil ɗinsu ba tare da an saurari dalilin gudunsu ba: wani ya janye, wani ya ɓace, wani an ce ƙa'idar Dublin ta hau kansa, wato Italiya ko Sifen ce ya kamata ta duba shari'arsa tunda ta can ya shigo. In ka raba 150 da 1,000, ka samu kashi 15. In ka cire 400 ɗin da ba a duba ba ka raba 150 da 600, ka samu kashi 25. Na farkon shi BAMF ke bugawa a gaba. Na biyun, wanda Jamusawa ke kira bereinigte Schutzquote, ƙungiyoyin kare 'yan gudun hijira irin su Pro Asyl suka fi amfani da shi. Ni a ganina, idan tambayar ita ce ko mutanen nan suna da hujja, na biyun ne amsa. Idan tambayar ita ce yawan aikin da ofis ya gama, na farkon ne. Ga 'yan Afirka ta Yamma tazarar tana da faɗi, saboda yawancinsu ta Italiya suka biyo. A 2016 kaɗai 'yan Najeriya sama da 37,000 suka sauka a gaɓar Italiya, su ne kan gaba cikin mutum 181,000 da suka iso a shekarar.

A saman lissafin ma akwai zaɓi. Akwai cikakken matsayin ɗan gudun hijira na yarjejeniyar Geneva ta 1951, akwai kariya mai biye masa ga wanda yaƙi ko azabtarwa ke jira a gida, akwai kuma kariyar da kowace ƙasa ta tsara wa kanta, kamar hana mayarwa saboda rashin lafiya a Jamus, ko izinin jinƙai da Italiya ta riƙa bayarwa kafin ministan cikin gidanta na lokacin, Matteo Salvini, ya soke shi a 2018. Wani jadawalin ya haɗa ukun, wani biyu kaɗai. Sannan duk wannan hukuncin matakin farko ne. Wanda aka hana ya ɗaukaka ƙara ya ci a kotu, a jadawalin farko har abada "an hana" yake. Bayan 2016 kotunan Jamus sun soke dubban hukunce-hukuncen BAMF, musamman na 'yan Afganistan, kuma sai ka buɗe wani jadawali daban kafin ka ga haka.

Ga inda abin ya shafi rayuwar mutane. A Satumbar 2015 da Tarayyar ta yanke shawarar kwashe mutum 160,000 daga Italiya da Girka ta raba wa sauran ƙasashe, sharaɗin shi ne sai 'yan ƙasar da kasonsu ya kai 75 cikin 100. 'Yan Siriya da Iritiriya suka shiga, 'yan Afganistan ba su shiga ba, 'yan Iraƙi suka shiga, daga baya kasonsu ya sauka suka fita. A ƙarshe wajen 35,000 aka kwashe. Jamus kuma ta ja nata layin a kashi 50: ɗan ƙasar da ta haura shi ana cewa yana da kyakkyawan fatan zama, ya shiga ajin koyon Jamusanci tun shari'arsa ba ta ƙare ba. Ɗan Najeriya ko Gini ya zauna a masauki yana kallon bango. Na ga samari da suka yi shekaru a haka, daga baya aka ba su izinin zama, aka dawo ana tambayar me ya sa ba su iya harshe ba. Sai a ƙarshen 2022 aka cire wannan sharaɗi. Yanzu kuma sabon kundin ƙaura da mafaka da Tarayyar ta amince da shi a 2024, wanda aka sa wa Yunin 2026 don fara aiki, ya ja layi a kashi 20. Wanda aka tsare a iyaka, in kason ƙasarsa 20 ne ko ƙasa da haka a lissafin Eurostat na Tarayyar baki ɗaya, a can iyakar za a yi masa shari'ar gaggawa cikin mako 12. Hukuncin matakin farko ake dubawa, kuma ba a sa kariyar cikin gida. Najeriya ta daɗe a ƙarƙashin wannan layi.

Ka kuma tuna abin da layi ɗaya na jadawali ya ƙunsa. A ƙarƙashin "Najeriya" akwai mutumin Gwoza da Boko Haram ta ƙone wa gida, akwai yarinyar da aka yi safararta daga Edo da bashi a wuya, akwai ɗan kasuwar da ya zo neman arziki. Matsakaicin kaso bai faɗi komai a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan za ka yi magana a gaban hukuma, nemi a raba maka lambar tsakanin maza da mata da ƙananan yara, Eurostat tana ba da damar haka, kuma sau da yawa bambancin yana da girma.

Yadda za ka ciro da kanka: shiga rumbun bayanan Eurostat a intanet, kyauta ne. Rubuta migr_asyappctza don takardun nema na shekara, migr_asydcfsta don hukuncin matakin farko, migr_asydcfina don hukuncin ƙarshe bayan ɗaukaka ƙara. Zaɓi ƙasar asali, zaɓi ƙasar da aka nema, sauke zuwa Excel. Lura da ƙananan haruffan da ke jikin wasu lambobi: p na nufin lambar wucin gadi ce, b na nufin an canza hanyar ƙirga a wannan shekarar, kada ka kwatanta ta kai tsaye da ta baya. Duk lambobin mafaka an kai su zuwa biyar mafi kusa don kada a gane mutum. Ga ƙasa irin Nijar da masu nemanta ba su da yawa, hukunci goma ko ashirin na iya ɗaga kaso ko su kayar da shi, don haka haɗa shekara uku ko huɗu kafin ka fitar da kaso.

Wa ya fi ɗaukar nauyi?

A 2015 Jamus ce ta fi kowa yawan takardu. In aka raba da yawan jama'a, Hungari ce ta ɗaya, Suwidin ta biyu da kusan ninki uku na Jamus. Amma yawancin waɗanda suka miƙa takarda a Hungari sun wuce gaba cikin kwanaki, na Suwidin kuwa zama suka yi. Ka ga ko rabawar ba ta wadatar ba sai ka tambayi wa ya zauna. Kuma kada kallon Turai ya rufe maka ido: yawancin 'yan gudun hijirar duniya a ƙasashen maƙwabta suke, Chadi kaɗai tana ɗauke da sama da miliyan ɗaya tun bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023.

A cikin Jamus da ma'auni ake rabo. Ma'aunin rabon masu neman mafaka tsakanin jihohi, wanda ake kira Königsteiner Schlüssel, yana ba kuɗin harajin jiha nauyin kashi biyu cikin uku, yawan jama'a kashi ɗaya, shi ya sa jiharmu ke karɓar wajen kashi 21 cikin 100, Bremen ba ta kai ɗaya ba. Daga jiha zuwa garuruwa kuma a nan ana duba yawan jama'a da kashi 90, faɗin ƙasa da kashi 10. Amfanin sanin haka: da ka ji adadin ƙasa baki ɗaya, za ka iya lissafa kusan abin da zai iso garinku. Abin da ma'aunin bai duba ba shi ne ko akwai gidan haya ko aikin yi a wurin, kuma nan ne ƙorafin kowane magajin gari yake.

Auna sajewa

A taron da aka yi a birnin Zaragoza na Sifen a 2010 ministocin Tarayyar suka amince da fannoni huɗu da za a riƙa aunawa: aikin yi, ilimi, shiga cikin walwalar jama'a, da shiga harkokin ƙasa. Aikin yi ne kowa ke kallo, kuma a nan aka fi ruɗa mutane. In ka ɗauki duka 'yan gudun hijira a dunƙule, duk shekarar da sababbi suka shigo kason masu aiki zai faɗi, ko da na da suna ci gaba. Hanyar da ta dace ita ce bin sahu ɗaya: waɗanda suka zo a shekara kaza, ina suke bayan shekara uku, biyar, bakwai? Binciken IAB-BAMF-SOEP kan 'yan gudun hijira a Jamus, da ke bin mutane ɗaya tun 2016, haka yake yi. Ya nuna cewa cikin waɗanda suka zo a 2015, kashi 64 suna aiki a 2022. Rarraba lambar ka ga inda gizo ke saƙa: maza wajen kashi 75, mata wajen 31. Ga mai tsara manufa wannan ya fi 64 ɗin amfani nesa ba kusa ba. Ajin sajewa awa 600 ne na harshe da awa 100 na sanin ƙasa, yawanci da safe. Macen da ke da yara uku, ba ta samu gurbin reno ba, ta yaya za ta zauna? Abin da na fi nacewa a kai a rahotonmu kenan, aji mai ɗakin reno a gefe, ko da zai fi tsada.

Hattara da jadawalin da ya ce "baƙi", wato masu fasfon waje. Wanda ya iya harshe ya samu aiki shi ne ke samun takardar zama ɗan ƙasa, da ya samu kuma ya fita daga jadawalin. A 2023 mutum kusan 200,000 suka zama Jamusawa, sama da 75,000 'yan Siriya ne. Kowace shekara ana kwashe waɗanda suka yi nasara, a bar waɗanda ke fama, sai lambar ta yi kamar ba a motsi. In akwai zaɓi, ɗauki jadawalin ƙasar haihuwa. Ƙasashen ma ba abu ɗaya suke tambaya ba. Jamus tun 2005 tana tambayar asalin iyaye a bincikenta na gidaje, Birtaniya tana tambayar launi da ƙabila a ƙidaya tun 1991, Faransa kuwa dokarta ta taƙaita irin wannan tambaya ƙwarai. Kwatanta su kai tsaye ɓata lokaci ne. Lissafin 'yan sanda ma haka: waɗanda ake zargi yake ƙirgawa, ciki har da 'yan yawon buɗe ido da masu wucewa da ba sa cikin adadin mazauna, da laifukan takardar zama waɗanda ɗan ƙasa ba zai iya aikatawa ba.

Hausawa kuwa ba ma cikin kowane jadawali da ake bugawa. Da fasfo ake jera mutane. Bahaushen zangon Kumasi ɗan Ghana ne, a ɗauka Turanci yake ji. Na Maraɗi a nemo masa tafintan Faransanci, ya zauna yana gyaɗa kai a gaban likita. Na Sokode ɗan Togo ne, na Garwa ɗan Kamaru. In ka tara su za ka ga sun isa a ɗauki tafintan Hausa, amma babu lambar da za ta nuna haka sai wadda kuka haɗa da kanku. Mu takarda muka ajiye a teburin karɓar baƙi, duk wanda ya zo a tambaye shi harshen da ya fi sakewa da shi, a ja sanda ɗaya, ba suna ba lambar fayil. Ƙungiya ma za ta iya yin haka a masallaci ko wurin taro. Ku faɗi yadda kuka ƙirga da tsawon lokacin, kada ku ce ya wakilci gari duka. Kuma a ƙaramin gari kada ku buga lambar da ta gaza biyar: "mata biyu 'yan Nijar masu neman mafaka" kowa ya san su.

Maganar tasa ƙeya a taƙaice. Ana yawan cewa ɗaya cikin biyar ne kaɗai na waɗanda aka umarta su bar Tarayyar ke tafiya. Umarnin bana ake rabawa da tafiyar bana, alhali ba lallai mutane ɗaya ba ne, mutum ɗaya na iya samun umarni a ƙasa biyu, wanda ya tafi da kansa shiru kuma ba a rubuta shi. A Jamus a ƙarshen 2022 sama da 300,000 ne doka ta ce su fita, amma wajen 248,000 suna riƙe da Duldung, takardar da hukuma da kanta ta dakatar da mayar da su, saboda rashin fasfo, ko ciwo, ko koyon sana'a. Mai faɗin lambar farko ya bar ta biyu, ka san abin da yake nema.

Idan ka zo rubutawa, shafi ɗaya ya isa. 'Yan majalisar gari bayan aikinsu suke zuwa zama da yamma, ba mai karanta shafi ashirin. Kowace lamba ka sa mata wanda ya fitar da ita, shekarar da take magana a kai, da jimla ɗaya a kan wanda ba ya ciki. Sa adadi tare da kaso, domin "ya ninka biyu" na iya zama daga 10 zuwa 20. Kwatanta wata da irinsa na bara, tunda tsallaka teku yana ƙaruwa da bazara ya ragu da hunturu. In aka ce ka yi hasashen baɗi, ba da uku, ƙasa da tsakiya da sama, ka faɗi abin da kowanne zai ci na gado da malamai da kuɗi. A Janairun 2022 babu jadawalin da ya nuna cewa cikin wata biyu za a koma shimfiɗa katifu a ɗakunan wasanni na makarantu. Shi ya sa a kowane kasafi nake roƙon a bar wasu gadaje a buɗe, a kuma rubuta kwangilar masauki yadda za a iya faɗaɗa ta cikin mako biyu ba sai an sake zaman majalisa ba.